Na Kashe Wayata a Magome

Ƙarfe goma saura na safe motar bas ta sauke mu a bakin garin Magome, ni da abokin karatuna ɗan Japan wanda ya kitsa tafiyar. Kafin mu ɗaga ƙafa ya dube ni ya ce, "Alkawari fa." Na ciro wayata, na danne maɓallin har fuskarta ta yi baƙi, na cusa ta can ƙasan jaka, ƙarƙashin rigar sanyi. Shi ma ya yi haka. Nan take na ji wani iri, kamar dattijon da ya fito kasuwa ba hula.

Watana uku ke nan a ƙasar Japan, na zo wani ɗan kwas, kuma tun ranar da na sauka wayar nan ce bakina, ita ce idona. In na shiga kanti na haska ta a kan leda, sai ta karanto min abin da ke ciki, in ga ko da naman alade ko giya. In na yi mata magana ta juya zuwa Japananci, mai shago ya amsa ta juyo min. Ita ke faɗa min lokacin salla da inda alƙibla take, har taragon da ya kamata in shiga don in sauka daidai bakin matakala. Da ita a hannu, a Tokyo ba wanda zai ce ni baƙo ne.

Gardama ce ta kawo mu nan. Muna cin abincin dare a ɗakin kwananmu, abokin nawa ya ce nan gaba ba a aljihu za a riƙa ɗaukar wannan abu ba, a jikin mutum zai zauna. Ba mantuwa, ba ɓatan hanya, ba yaren da zai gagare ka, wataƙila ma ba gajiya. Ya ce to a irin wannan duniya, da kowa ya ƙoshi kuma kowa ya iya komai, me mutane za su riƙa yi da yininsu? Na ce su huta su gode wa Allah. Ya girgiza kai, ya ce shi a ganinsa kuɗi za su riƙa biya don a bar su su gaji, su ɓata, su kasa. Na ce masa ƙoshi ne kawai yake damunku. Ya yi dariya, ya ce in shirya ranar Asabar.

Zuwan namu kansa abin ba da labari ne. Daga Tokyo zuwa Nagoya, tafiyar da ta haura kilomita 300, jirgin ƙasan Shinkansen ya kai mu cikin sa'a ɗaya da minti arba'in, yana taɓa kilomita 285 a sa'a, shayin da ke gabana ko girgiza bai yi ba. An buɗe wannan layi ranar 1 ga Oktoba, 1964, ranar da Najeriya ke bikin cika shekara huɗu da samun 'yanci. Na bar wannan lissafi a nan, don in na bi shi raina zai ɓaci. Daga Nagoya muka shiga wani jirgin na kusan minti hamsin zuwa Nakatsugawa, sannan bas. A Nakatsugawa ɗin nan aka shirya gina tashar sabon jirgin da ba ya taka ƙarfen dogo, maganaɗisu ke ɗaga shi sama, wanda a gwajin 2015 ya yi gudun kilomita 603 a sa'a. In an gama layin, Tokyo zuwa Nagoya minti arba'in ne, kuma yawancin tafiyar a cikin ramin da aka haƙa ƙarƙashin duwatsu. Da 2027 aka sa ran buɗewa, amma aka fasa, saboda hukumomin lardin Shizuoka sun daɗe suna hana haƙa a yankinsu don tsoron kada ruwan kogin Oi ya ragu. To a gefen wannan gari ne mutane suke taruwa daga ko'ina don su taka kilomita takwas a ƙafa.

Hanyar sunanta Nakasendo. A zamanin mulkin gidan Tokugawa, daga 1603 zuwa 1868, ita ce ɗaya daga manyan hanyoyi biyu da suka haɗa Kyoto da Edo, wato Tokyo ta yau. Ɗayar ta bi gaɓar teku, wannan ta ratsa tsaunuka. Tsawonta ya kai kilomita 530 da ɗoriya, da zango 69 a kanta, kuma mai tafiyar ƙafa yakan yi kusan mako biyu. Magome ne zango na 43 in ka ƙirgo daga Edo, Tsumago da muka nufa na 42. Duk wanda ya taɓa jin labarin fatake da madugai a bakin kakanni zai gane tsarin: masauki, wurin canza dawaki, masu sayar da abinci, masu dako. Tun daga 1635 doka ta tilasta wa sarakunan larduna su riƙa yin shekara guda a Edo, shekara guda a gida, matansu da magadansu kuwa suna zaune a Edo tamkar garkuwa. Ayarinsu ne ya raya waɗannan garuruwa.

Magome a jikin tudu yake, titi ɗaya ne shimfiɗe da duwatsu, yana hawa tun daga farko har ƙarshe. Ruwa na gudu a magudana gefen titi, yana juya wani babban gargare na katako. A ƙasan garin titin ya yi kwana biyu masu kaifi da gangan, don in mahara sun zo a guje su rage gudu. Watan Nuwamba ne, ganyaye sun yi ja da ruwan ɗorawa, kuma a ƙarƙashin rufin gidaje an rataye 'ya'yan itacen kaki a zare suna bushewa. Na ɗanɗana ɗaya daga baya. Ashe ɗan'uwan kanyarmu ne, sai dai shi ya samu wuri ya yi ƙiba.

A ofishin baƙi na garin na ga abin da ya fara ba ni dariya. Ana karɓar jakunkunan matafiya a kai musu Tsumago a mota, su kuma su biyo a ƙafa hannu rabbana. Na nuna wa abokina, na ce ka ga irin wahalar taku, wahala mai ɗan aike. Ya ce eh, ya yarda.

Muna fita gari hanya ta shige daji. Nan na fara kama kaina: hannuna yana tafiya aljihu shi kaɗai. Na ga wani tsuntsu mai dogon bindi, hannu ya tafi. Na ga allo da rubutu, hannu ya tafi. Na so sanin ko mun yi kilomita nawa, hannu ya sake tafiya. Kafin mu kai saman tudu na ƙirga sau goma sha ɗaya, na daina ƙirgawa don kunya. Ba wani abu nake nema ba takamaimai. Jikina ne ya saba cewa kowace tambaya amsarta na nan cikin daƙiƙa biyu, ya manta yadda ake riƙe tambaya a ci gaba da tafiya da ita.

A bakin hanya, nan da can, akwai ƙararrawar tagulla rataye a jikin turke. Ta beyar ce, dabbar dajin nan mai baƙin gashi, wadda a kaka take yawan fitowa neman abinci kafin sanyi. Ana so kowa ya kaɗa in zai wuce, don ta ji motsi ta kauce. Abokina yana taɓa su a hankali cikin ladabi. Ni kuwa duk wadda na samu sai na kaɗa ta kamar mai tashin unguwa sahur.

Dajin nan yana da tarihin hani, amma na dole. Itatuwansa, musamman wanda suke kira hinoki, su ne katakon gina fadoji da ganuwoyi, kuma da aka yi musu sara ba ji ba gani har suka fara ƙarewa, masarautar Owari da ke iko da kwarin Kiso, inda dajin yake, ta haramta sare nau'i biyar daga cikinsu. Har yau ana tuna lafazin da mutanen wurin suka yi wa dokar: itace ɗaya, kai ɗaya. Talakan da aka haifa a tsakiyar daji ba shi da ikon gina ɗakinsa da itacen bayan gidansa. Na ce wa abokina, ka ga wannan na gane shi, mun san irinsa. Wanda ban gane ba shi ne naku na yanzu, da ba mai tsare ku da takobi.

Sai ya ba ni labarin gatari. Babban wurin bautar addininsu na Shinto da ke Ise, duk shekara ashirin ake sake gina shi sabo fil a filin da ke gefensa, a kwance tsohon. An yi na 62 a 2013, na gaba 2033. Daga dazuzzukan Kiso ake fara saro katakon, kuma itatuwan farko da gatari ake kayar da su, ana sara ta ɓangare uku, alhali zarton inji zai gama aikin kafin ka sha ruwa. Maganar ibadarsu tasu ce, ba ta shafe ni ba. Abin da ya tsaya min shi ne lissafin shekarun: shekara ashirin ta isa yaron da ya riƙe wa ubangidansa kayan aiki a ginin farko ya zama gwani a na biyu, ya zama mai koyarwa a na uku. Da sun gina shi da kankare sau ɗaya, da ginin ya zauna, sana'ar ta mutu.

Mashigar tsaunin Magome ta kai kusan mita 800, kuma daga nan sai gangara. Kaɗan da wucewa muka iso wani tsohon gidan katako da matafiya ke yada zango, ana ba da shayi kyauta, wanda ya ga dama ya jefa wani abu a akwati. Cikinsa duhu-duhu, ƙasa daɓe, murhu a tsakiyar ɗaki da buta rataye a sarƙa daga rufi, hayaƙi ya mayar da azarar baƙa wuluk. Ƙamshin ya kai ni ɗakin girkin kakata kai tsaye. Abokina ya zagaya baya, ya bar ni da dattijon da ke kula da wurin.

Jarina na Japananci kalma uku ne: na gode, yi haƙuri, da daɗi. Dattijon ya zuba min shayi, ya turo min faranti da ɗan tsamin kayan lambu, ya yi tambaya. Na gane daga ina yake nufi. Na ce Najeriya. Ya maimaita, ya nuna wani allo da baƙi ke rubuta sunan ƙasarsu, ya miƙo min alli. Na rubuta. Ya nuna hulata, zanna bukar ce da na ƙi rabuwa da ita, ya yi alamar ɗinki da yatsu biyu yana ɗaga gira. Na gyaɗa kai, na cire na miƙa masa. Ya juya ta ciki da waje, ya kai ta bakin ƙofa inda haske yake, ya bi zaren da farce a hankali yadda masu sayen hula ke yi a kasuwar Kurmi. Ya ɗaga yatsu yana tambayar kwana nawa. Na nuna masa makonni da hannu, ban san ko ya fahimci mako ko wata ba, ya dai ja numfashi ya rusuna wa hular kafin ya mayar min.

Da wayar tana kunne, da na gaya masa komai cikin jimla biyu masu kyau, da ya ce madalla, da an wuce wurin. Ina zaune a dakalin nan na lura da wani abu da ban taɓa lura da shi ba: wata uku a ƙasar mutane, ban taɓa tsayar da kowa na tambaye shi hanya ba. Ban taɓa buƙatar kowa ba. Mu da aka raine mu da cewa matambayi ba ya ɓata, ga shi na daina ɓata, na kuma daina tambaya.

Da muka ci gaba na gaya wa abokina haka. Bai yi murnar cin gardama ba, sai ya kawo zancen shogi, wasan allonsu mai kama da dara amma da sarki da dakaru. A 2017 wata manhajar kwamfuta mai suna Ponanza ta doke Sato Amahiko, wanda ke riƙe da kambun Meijin, ɗaya daga manyan kambunan wasan, a lokacin. Aka ɗauka wasan ya mutu. Bai mutu ba. Ƙwararrun suna nazari da kwamfuta a gida, amma ranar gasa sai su ajiye wayoyinsu a waje, su durƙusa a tabarma su yi yini suna tunani da kan da Allah ya ba su. Masu kallo a intanet suna ganin abin da kwamfuta ta ce shi ne daidai, su biyun da ke wasan ne kaɗai ba su gani. Fujii Sota, matashin da ya haɗa dukkan kambuna takwas a 2023, a cikin wannan zamanin ya tashi. Na ce masa ai mu ma muna da langa: yaro mai ƙafa biyu lafiyayyu ya kama ɗaya da hannu ya yi ta tsalle da ɗaya, kuma duk wanda ya saki ƙafar ya faɗi wasa. Na gwada masa a tsakiyar hanya, wasu Turawa biyu da ke bayanmu suka tsaya suna kallon ikon Allah.

Salla ce ta gwada ni da gaske. A wannan watan rana tana karkatawa tun kafin sha biyu, kuma a cikin dogayen itatuwan nan ba ka ganin ta. Sai da muka fito wani fili kusa da gonakin shinkafa da aka girbe. Na yi alwala a wani ɗan rafi, ruwan kamar a yanka yatsu. Na shimfiɗa rigar sanyi, kuma wallahi saura kaɗan in fuskanci gabas, don a bakinmu gabas da alƙibla kalma ɗaya ce. A Japan Makka tana yamma, da ɗan karkata zuwa arewa. Na tsaya na dubi inuwata yadda mahaifina yake yi a gona. Da tsakar rana a nan inuwa arewa take nunawa, don haka na sa ta a hannun dama, na ɗan juya wajenta, na yi ƙasaru. Watanni uku kibiyar waya nake bi, ban taɓa tsayawa na san dalilin da ya sa take nuna inda take nunawa ba.

Ban ce na sallama wa abokina gaba ɗaya ba. Titin mota yana ratsa hanyar nan sau da dama, bas na bin sa, alamomi a ko'ina har da Turanci, makewayi tsaf-tsaf a tsakiyar daji. Ko ɓata kake so ka yi sai ka dage. Mutanenmu da suka taka zuwa Makka ta Chadi da Sudan, suna tsayawa noma da ƙwadago a hanya, wasu shekaru, wasu ma suka zauna can har jikoki, ba su da waya a ƙasan jaka da za su kunna in abu ya ɓaci. Matar da ke tafiyar sa'a guda ɗibar ruwa ba langa take yi ba. In aka haɗa waɗannan da abin da muka yi ranar Asabar an ci zalinsu. Abin da ya fi kama da namu shi ne azumin mai hali: rumbu cike, firji cike, ya kame bakinsa, kuma ya san ƙarfe nawa za a kira magariba. Yunwarsa ta gaske ce, sai dai ba irin ta wanda bai san yaushe zai ci ba.

Mun wuce magangarun ruwa guda biyu da suke kira namiji da mace, muka bi ta ƙauyen Otsumago, muka shiga Tsumago wajen ƙarfe biyu da rabi. Kilomita takwas ta cinye mana fiye da sa'a huɗu saboda tsaye-tsayena.

Tsumago ya fi Magome shiga rai. Gidajen katako ne baƙaƙe jere, masu tagogin saƙar itace, kuma sai da na yi minti biyar ina tafiya kafin na gane abin da ya ɓace: babu turakun lantarki, babu wayoyi a sama, babu allon talla mai walƙiya, babu mota. Ba don ba su da wuta ba, an karkatar da wayoyin ta bayan gidaje ne, kuma da rana an hana mota shiga babban titin. Garin ya kusa mutuwa bayan da layin dogo ya bi ta gefe ya bar shi, matasa suka watse birane. Talaucin ne ma ya hana a rushe tsofaffin gidajen. A 1968 aka fara gyara su, a 1971 mazauna suka rubuta wa kansu ƙa'ida mai hani uku: ba sayarwa, ba bayar da haya, ba rushewa. Gwamnati ta biyo baya a 1976 ta sa garin cikin rukunin farko na wuraren da doka ke karewa. Ka duba, mutum da gidansa na gado, baƙi na tururuwa, mai kuɗi daga Tokyo zai biya ko nawa ne ya mayar da shi otal, amma ya ɗaure hannunsa da kansa, ya ɗaure na 'ya'yansa. Na tabbata akwai magajin da ke cizon yatsa a ɓoye. Na kuma tabbata da ba su yi haka ba, da ba abin da zai kawo ni.

Mun shiga wani babban tsohon masauki da aka sake ginawa a 1877, bayan an ɗage dokar itace, kuma masu gidan suka zuba hinoki son ransu kamar masu ramuwar gayya. Har yanzu ana hura wuta a murhunsa, hasken rana na ratsa hayaƙin ta tagar sama. A waje wata mata tana gasa gohei-mochi, dakakkiyar shinkafa ce a jikin tsinke, ana shafa mata wani romo mai zaƙi. Ƙamshin ya kama ni. A nan na so wayata ƙwarai, don irin wannan romo sau da yawa ana zuba masa giyar girki. Abokina ya tambaya, matar ta ce akwai. Ta ga fuskata, ta ɗauko wani tsinken da ba a shafa ba, ta gasa shi haka nan, ta barbaɗa gishiri, ta ƙi karɓar kuɗinsa.

Rashin agogo ya yi mana aikinsa a ƙarshe. Muna zaune muna hira bas ɗin tashar jirgin ƙasa ta Nagiso ta tafi ta bar mu, kuma a kwarin nan rana tana faɗawa bayan tsauni tun kafin biyar. Saura kusan kilomita huɗu, gwiwata ta hagu ta fara magana tun a gangara. Na ce wa abokina mu kunna mu nemi tasi, ai an gama wasan. Ya ce alkawarin har tasha ne, amma in na saki ƙafar shi ba zai gaya wa kowa ba. Da ya faɗi haka ai ya gama da ni. Muka taka, sanyi na shiga kunne, ina ɗingishi ina zaginsa da Hausa yana amsawa da na gode.

A dandamalin tashar na zaro wayar na kunna. Ta yi ta kuka kamar akuyar da aka kwance, saƙo arba'in da wani abu, yawanci na zaurukan WhatsApp. Na tura wa Hajiyata saƙon murya na ba ta labarin yinin a taƙaice. A gida hantsi ne, ba a jima ba ta amso. Ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari.

"Kai wannan, sannu da hanya. Amma tsaya in tambaye ka. Duk motocin da suke aiko mana, su ba su rage ko ɗaya ba ne?"